Yadda Ake Gyara Risho da Hita Mai Kananzir a Gida, Mataki-Mataki

Da zarar hunturu ya kankama a Kebbi, daga Disamba zuwa Fabrairu, tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne. Risho yana hayaƙi yana baƙanta gindin tukunya. An kunna ya ƙi kamawa, ko ya kama gefe guda. An kashe ya ƙi mutuwa. Hitar da aka sayo wurin 'yan gwanjo saboda ɗakin tsoho ko na mai jego ta cika ɗaki da wari har ido na yaji. Masu kiwon kaji da ke ɗumama 'yan tsaki da risho su ma kukansu ke nan. Duk waɗannan matsaloli daga wuri uku suke fitowa: mai, iska, da lagwani. A wannan jerin kuma ake bin su. Wanda ya garzaya ya canza lagwani bai duba man da ke cikin tanki ba, zai sa sabo yau, jibi ya lalace, ya koma kasuwa yana ganin laifin mai shago.

Yawancin bayanin nan a kan risho mai lagwani da yawa ne, irin su Butterfly da Wheel da aka saba gani a gidajenmu. Hita mai zagayayyen lagwani guda ɗaya na ware mata nata mataki, domin akwai abin da ake yi wa risho wanda in aka yi mata, an gama da ita.

1. Haɗa kaya, ka fito tsakar gida

Ba sai ka nemi akwatin bakanike ba. Almakashi mai kaifi, filaya, sukundireba, tsohon buroshin haƙori, basilla, guntun siririyar waya kamar taƙi ɗaya da rabi, mazurari, tsumma mai tsabta, kwalbar gilashi wadda ake ganin cikinta, faffaɗan kwali busasshe, da bokiti cike da yashi. Abin saye biyu ne kawai: ƙunshin lagwani da kananzir mai kyau.

A kan kananzir ɗin kuɗin zai tafi. Tun ƙarshen 2022 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna matsakaicin farashin lita ya haura naira 1,000, daga nan kuma sama ya yi ta yi. Lagwani kuwa abu ne mai araha, ana samunsa wurin 'yan koli da masu sayar da tukwane, a babbar kasuwar Birnin Kebbi ne ko Jega ko Argungu ko Yauri. Saboda haka lallaɓa tsohon lagwani ba tattali ba ne. Risho mai jar wuta yana shan mai ya ba ka hayaƙi maimakon zafi, kafin ka ankara ya ƙone abin da ya fi kuɗin sabon lagwani.

Gargaɗi: a waje ake wannan aiki, cikin inuwa, nesa da murhu da kurfoti da janareta. In yanzu aka kashe rishon, a ba shi aƙalla rabin awa ya huce sarai. Yara su matsa can.

2. Dubi wutar kafin ka kwance komai

Idan rishon yana kamawa, kuma ba ka zargin an zuba masa fetur, kunna shi a waje ka tsaya ka kalle shi na minti biyar ba tare da tukunya ba. Wutar ce za ta gaya maka inda ciwon yake.

Lafiyayyen risho yakan fara da jar wuta da ɗan hayaƙi, amma da gwangwanayen nan masu huji-huji sun ɗau zafi sai wutar ta koma shuɗiya, ta zagaye daidai, ba ƙara ba wari. Idan ta tsaya a ja ko rawaya ta kowane gefe, iska ce ba ta shiga, ko lagwani ya yi tsawo, ko an surka man da dizal. Idan harshe ɗaya ne ya zarce sauran yana lasar sama, lagwani ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, ko gwangwani bai zauna a mazauninsa ba. Idan wutar ta yi ƙasa-ƙasa tana tartsatsi, tas-tas, tana neman mutuwa alhali da mai a tanki, ruwa ya shiga. Idan kuwa ta yi bal ta tashi sama, ko ka ga wuta tana leƙowa ta ƙasa wajen bakin tanki, murɗa makunni ƙasa nan take ka ja baya. Wannan alamar fetur ce ko yoyo, ba a sake kunna shi sai an bi matakai na 3 da na 4.

3. Gwada kananzir

Nan ne mutane suka fi tsallakewa, nan ne kuma rai yake.

Tsiyayi kamar rabin kofin shayi daga tanki zuwa kwalbar gilashi, ka ajiye ta minti goma, sannan ka ɗaga ta wajen haske. Kananzir mai kyau garai-garai yake, fari ko da ɗan alamar rawaya kaɗan. Wanda ya yi duhu-duhu ko ya yi gauraye, ya tsufa ko an surka shi. Dubi gindin kwalbar da kyau. Lita ɗaya ta kananzir nauyinta wajen giram 800 ne, ta ruwa kilo ɗaya, don haka ruwa ba ya haɗuwa da shi, ƙasa yake sauka. Za ka ga ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar gero suna gangarawa a gindin kwalba in ka karkata ta. Wannan ɗan ruwan ya isa ya kashe lagwani goma, domin jelar lagwani a gindin tanki take kwance, ita ke fara shan sa, auduga kuma in ta sha ruwa ba ta ƙara jan mai yadda ya kamata.

Sai gwajin takarda. Ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka bar ta a inuwa. Fetur yakan bushe nan da nan. Kananzir yakan ɗau lokaci kafin ya tafi. Dizal kuwa maiƙo yake bari ya daɗe. Ka kuma sansana: warin fetur yana da kaifi, wanda ya saba zuba wa babur mai ba zai kasa gane shi ba.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ga gwaji na ƙarshe. Zuba ƙaramin cokali ɗaya a murfin gwangwani, ka ajiye a kan yashi can nesa da jarka da risho. Kunna kan dogon kara, ka miƙa hannu daga nesa ka kusanto da wutar a hankali. Kananzir na gaskiya sai ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, saboda haka ba zai yi saurin kamawa ba. Fetur kuwa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri yana fitar da tururi mai kamawa. Idan wutar ta yi tsalle ta kama tun karan bai taɓa man ba, akwai fetur a ciki.

Gargaɗi: cokali ɗaya aka ce, ba kofi ba, kuma kada fuskarka ta kasance a samansa. Da sanyin safiya ake wannan gwaji. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ko kananzir mai kyau da ya sha rana zai iya kamawa da sauri, gwajin ba zai gaya maka gaskiya ba.

Man da ya faɗi gwajin fetur ba ya gyaruwa. Kada ka ce za ka ƙara masa mai kyau ya saje, kada ka juye shi a fitilar ƙwai, kada ka ba maƙwabciya ta hura gawayi da shi. Na san zafin zubar da abin da aka saya da tsada, amma ƙunar da surkakken kananzir ke yi wa mace da goyonta ba ta da kwatanci da kuɗin lita biyu. In za ka saya gaba, gidan mai ya fi 'yan bumburutu, in kuma dole sai a bakin hanya, tambayi mai sayarwa kai tsaye: "Malam, jarkar nan ta kananzir ce kaɗai, ko kana zuba fetur a cikinta?" Sau da yawa ba mugunta ba ce, jarka ɗaya da mazurari ɗaya ake yi wa aiki biyu. Kai ma a gida, jarkar janareta daban, ta risho daban.

4. Wanke tanki, ka gwada yoyo

Cire murfin waje da gwangwanayen, ka ɗaga farantin da ke ɗauke da bututun lagwani. Juye duk man da ke ciki. Za ka tarar da laka-laka ja a gindi, tsatsa ce da ƙura da ruwa. Goge da tsumma, ka zuba ɗan kananzir mai kyau ka girgiza ka zubar a cikin yashi, ka sake gogewa har tsumma ya fito fes. Ba a wanke tanki da fetur. In dattin ya yi yawa har sai da ruwa da sabulu, to a kife shi a rana wuni guda ya bushe ƙarau kafin a zuba mai.

Daga ina ruwan yake zuwa? Wani lokaci daga mai sayarwa, amma galibi daga hannunmu. Na sha ganin uwargida ta sauke tukunya, ta murɗa makunni, wuta ta ƙi mutuwa, sai ta tsoma yatsu a kofi ta yayyafa ruwa, rishon ya yi cuu, hayaƙi ya turnuƙe. Kullum sau biyu ko uku. Ruwan nan ba ɓacewa yake yi ba, bututun lagwani yake bi ya sauka tanki, ya jiƙa lagwani, ya cinye ƙarfen daga ciki. Risho mai ƙin mutuwa gyaransa yana mataki na 6, ba a kofin ruwa ba.

Yanzu zuba mai zuwa rabin tanki, goge bayansa ya bushe, ka ɗora shi a kan kwali ka bar shi awa ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga tabon maiƙo, tankin ya huje.

Gargaɗi: tanki mai yoyo ba a liƙe shi da sabulu ko cingam ko narkakkiyar roba. Zai riƙe yana sanyi, ya saki lokacin da wuta ke ci, wato lokacin da ya fi haɗari. Kada kuma a kai wa mai walda tankin da ke da tururin mai a ciki. Tsatsar da ta huda wuri ɗaya ta riga ta cinye kewayensa. A nemi wani tankin daga mataccen risho irinsa, ko a sayi sabon risho. Wannan ne kaɗai wurin da nake cewa a daina gyara.

5. Buɗe hanyar iska

Gwangwanayen nan biyu masu huji-huji, na ciki da na waje, su ne ke mayar da jar wuta shuɗiya. Iska na shiga ta hujojin ta gauraya da tururin mai a tsakaninsu. Ƙurar hunturu tana toshe su, haka kunkunniya, haka ruwan shinkafa ko kunu da ya tafaso ya zubo ya ƙone a jikinsu.

Goge su ciki da waje da busasshen buroshi. Ɗaga kowanne wajen rana ka leƙa, duk hujin da haske bai ratsa ba ka soke shi da basilla. Kada ka faɗaɗa hujin, buɗe shi kawai. Wanda ya lotse ka miƙe shi a hankali da hannu ko filaya har ya koma zagayayye, domin tazarar da ke tsakanin gwangwanayen dole ta zama ɗaya ta ko'ina. Inda suka matso juna wuta za ta shaƙe, inda suka buɗe za ta yi ja. Wanda zafi ya cinye har ya yage, canza shi.

Kada ka manta da kwarin da ke kewaye da bakin bututun lagwani, inda gwangwanayen ke zama. Guntayen ashana da ƙonannen lagwani a nan suke taruwa, su hana gwangwani zama daram, su kuma riƙe mai su ci gaba da ci bayan an kashe.

6. Lagwani

Mataccen lagwani ba ya ɓuya. Ko kansa ya yi baƙi ya ƙandare, in ka matsa da yatsa yana marmashewa. Ko ya gajarce har jelarsa ba ta kai gindin tanki, shi ya sa risho ke mutuwa da sauran mai a ciki. Ko ya yi jaja-jaja da tsatsa saboda ruwa. Idan kan ne kawai ya ƙone, tsawon kuma da saura, jawo kowanne sama da filaya kamar santimita ɗaya ka datse ƙonannen. In ba haka ba, a canza.

A canza duka a lokaci ɗaya. Wanda ya sa sababbi uku ya bar tsofaffi bakwai, sababbin za su ja mai fiye da sauran, wutar ta karkace, ya yi ta murɗa makunni bai samu daidai ba.

Wajen saye abu biyu ake dubawa. Na farko, auduga ce zalla? Yanki ɗan guntu ka ƙona. Auduga takan ci ta bar toka mai laushi, warinta na ƙonanniyar takarda. Wanda aka haɗa da zaren roba yakan narke ya dunƙule ya yi tauri. Irin wannan a cikin risho narkewa zai yi ya liƙe bakin bututu. Masu yanko zaren abin goge ɗaki su sa a madadin lagwani, da yawa wannan ce matsalarsu. Na biyu, kauri. Tafi da tsohon lagwani ɗaya kasuwa ka gwada. Wanda ya yi siriri zai zame ya faɗa tanki, ya kuma bar kafar da wuta za ta iya bi ta sauka. Wanda ya yi kauri sai an danna shi da ƙarfi, matsattsen lagwani kuma ba ya jan mai. Abin da ake so shi ne ya cika bututun, amma in ka ja da filaya ya biyo ba gardama.

Yanka su tsawo ɗaya, yadda kowanne zai kai gindin tanki har jelarsa ta ɗan kwanta ko da an murɗa makunni sama. Ga yadda ake zurawa. Lanƙwasa wayar nan gida biyu ta yi hanci. Zura hancin ta saman bututu ya fito ta ƙasa. Ɗan jiƙa kan lagwanin da kananzir, ka murza shi tsakanin yatsu ya tsuke, ka sa shi cikin hancin kamar santimita biyu, ka ninke. Sai ka ja wayar sama a hankali, ɗaya hannun yana tura lagwanin daga ƙasa. In ya cije a tsakiya kada ka fizga, mayar da shi baya ka sake murza kan. Na farko da na biyu ne ke ba da wuya, daga nan hannu ya gane.

Saura daidaitawa, wadda ita ce rabin aikin. Murɗa makunni sama har ƙarshe. Datse kowane lagwani ya rage kamar santimita ɗaya a saman bakin bututu, duka kai ɗaya, yanka a miƙe ba a karkace ba, ba zare ko ɗaya da ya yi tsaye shi kaɗai. Tsuguna ka hango su ta gefe, idonka daidai da bakin bututun, nan za ka ga wanda ya zarce. Sannan murɗa makunni ƙasa har ƙarshe. Dole kowane lagwani ya nutse cikin bututunsa ya ɓace. Duk wanda kansa ya rage a waje, shi ne zai riƙe wuta bayan an kashe. Rage masa tsawo.

Gargaɗi: ba a kunna sabon lagwani a bushe. Zuba mai, ka bar shi rabin awa ya sha har sama. Taɓa kan ka ji danshi. In ka yi gaggawa, audugar ce za ta ci maimakon mai, kan da ka ɓata lokaci kana daidaitawa ya ƙone tun ranar farko.

7. Makunni

In yana juyawa lagwani ba ya motsi, haƙoransa sun cinye ko sun goce daga kan 'yar sandar da ke ɗaga faranti. Wanda ya goce ana mayar da shi da filaya. In ya cije ne, goge tsatsar da buroshi ka ɗiga masa kananzir, ka yi ta kai da komo har ya saki. Haƙoran da suka cinye ba su da gyara, sai a ciro na wani tsohon risho.

8. Mayar da komai, ka gwada

Cika tanki zuwa kashi uku cikin huɗu, kada ya kai baki, domin kananzir yana kumbura in ya ji zafi. Goge duk inda ya zuba. Ajiye rishon a wuri mai daidai, in ƙasa ta karkata wutar ma za ta karkata. Ɗaga lagwani, kunna su duka ka tabbata babu wanda aka tsallake, ka mayar da gwangwanayen, ka ɗan jujjuya su ka ji sun zauna. Jira minti uku zuwa biyar. Da wuta ta fito sama, rage makunni kaɗan-kaɗan har jan bakinta ya ɓace. A nan ne rishon ya fi zafi, ba a can ƙarshen makunni ba. Ɗora tukunya mai tsabtataccen gindi da ruwa na minti goma ka sauke ka duba. In gindin bai yi baƙi ba, aiki ya yi.

Wajen kashewa, murɗa ƙasa gaba ɗaya ka ba shi ɗan lokaci, in da sauran 'yar wuta ka hura ta gefe.

Gargaɗi: ba a ƙara mai risho yana ci ko yana da zafi, ko da tuwo zai lalace. Kada kuma a ɗora ƙatuwar tukunyar biki a kan ƙaramin risho. Faɗinta yana mayar da zafi ƙasa ya gasa tanki, man ya yi tururi, wuta ta tashi da kanta. In wuta ta kama, ruwa watsa ta yake yi, don kananzir a saman ruwa yake tafiya yana ci. Yashi ake zubawa, ko a rufe da jiƙaƙƙen bargo mai kauri. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai, sannan a wuce asibiti.

9. In hita ce

Gwajin mai da gwajin yoyo duk ɗaya ne. Bambancin yana wajen lagwani.

Hitocin gwanjo, irin su Toyotomi da Corona na Japan, sukan zo da tsohon mai kwance a ƙaramin kaskon da ke ƙarƙashin tankin da ake cirewa. Ya yi rawaya, ya yi wari, shi ke ɓata lagwani. Zuƙe shi tas da sirinji, ka goge, ka wanke 'yar matatar da ke wurin da kananzir mai kyau. Duba murfin tankin ma, akwai ɗan bawul a jikinsa. Kife tankin a kan kwali, in yana ɗiga to murfin ya mutu.

Yawancin waɗannan hitoci saman lagwaninsu zaren gilashi ne, ba auduga ba. Ba a sa masa almakashi. In ya yi baƙi ya yi tauri, yana wahalar hawa da sauka, ƙone dattin ake yi: fitar da hitar waje inda ba iska, cire tanki, ɗaga lagwani har ƙarshe, kunna, ka bar ta ta cinye ɗan man da ya rage har ta mutu da kanta. Za ta yi wari sosai, shi ya sa ba a yi a ɗaki. Bayan ta huce, goge kan da buroshi a hankali, zai koma fari-fari da laushi. In bai yi ba a maimaita sau ɗaya, in ya ƙi a canza. Tsofaffin hitoci masu lagwanin auduga zalla, irin Aladdin mai shuɗiyar wuta, su kuma ba a yi musu haka, audugar za ta cinye. Kankare ƙonannen kan ake yi a daidaita.

Kowace hita da lagwaninta. Kwafi lambar da ke jikin hitar, ka riƙe tsohon lagwanin in za ka nema ko za ka yi saƙo. Kafin ka cire shi, yi alama a inda ya tsaya a jikin ƙarfen, don sabon ya zauna daidai wurin. Sabon lagwanin hita awa ɗaya cur yake so ya sha mai kafin a kunna.

In ka danna abin kunnawa bai yi ja ba, fara da batir, sannan ka kankare tsatsar mazauninsu. In 'yar wayar da ke yin ja ta tsinke, ashana ma tana kunnawa. Sai abu mafi muhimmanci: na'urar da ke kashe hita in an ture ta. Ba tare da ka kunna wuta ba, ɗaga lagwani sama ka ɗan girgiza hitar. Ya kamata ka ji ƙarar faɗawa, lagwani ya koma ƙasa da kansa. In bai koma ba, kada ta shiga ɗakin da yara ke guje-guje. Kada kuma wani ya ɗaure na'urar da waya don wai tana yawan kashe wuta.

Gargaɗi: akwai hitocin Japan masu fanka da ake jona wa lantarki. Waɗannan ba su da lagwani, kuma wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230. In aka jona kai tsaye ba tiransifoma, nan take za ta ƙone. Gyaransu na mai gyaran lantarki ne.

10. Kafin a shigar da ita ɗaki

Gyara ya yi kyau, wuta shuɗiya, amma har yanzu abu ne mai cin iska. Lita ɗaya ta kananzir tana buƙatar iska wajen kyubik mita 10 kafin ta ƙone, wato fiye da sulusin duk iskar da ke cikin ɗaki mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku tsayi. Mu kuma da sanyi ya matsa sai mu toshe taga da tsumma, mu saki bargo a ƙofa. Da iska ta fara ƙaranci, wutar sai ta shiga fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da mutuwar jiki, shi ya sa ake ɗaukarta zazzaɓi. Abin lura shi ne, in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara wannan kuka lokaci guda, a kashe wuta, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa waje. Wanda ya galabaita ko ya suma a kai shi asibiti ba jira, Asibitin Sir Yahaya ne a Birnin Kebbi ko babban asibitin garinku, a kuma gaya wa likita cewa da wuta a ɗakin.

Saboda haka taga ta zauna a buɗe faɗin yatsa uku muddin wuta na ci. A bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da katifa, labule, da gidan sauro. Ba a shanya kayan jariri a kanta. Kuma ba a barci da ita, ko risho ko hita ko kaskon gawayi. A ɗumama ɗakin kafin a kwanta, a kashe, a ƙara bargo. Ɗakin mai jego da na tsofaffi su na fi ji wa tsoro, don su ne aka fi rufewa ruf saboda tausayi, su ne kuma jikinsu ya fi saurin karɓar gubar.

11. Ajiya in zafi ya shigo

Hitar da za ta yi wata tara ba a taɓa ta ba, kada a ajiye ta da mai. Juye tanki da kaskon ƙasa, ƙone dattin lagwani in na zaren gilashi ne, cire batir don kada su zubar da ruwa su cinye mazauninsu, ka rufe ta da buhu ko kwalinta saboda ƙura da zanzaro mai gina gida a cikin bututu. Man da ya rage a ƙarar da shi a girki, don wanda ya kwana shekara yakan canza launi ya ɓata sabon lagwani.

Jarkar kananzir a inuwa take zama, a rufe, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a zuba shi a robar ruwa ko kwalbar lemo, domin da zafin Afrilu yaro mai ƙishirwa ba ya tsayawa sansanawa. In ƙaddara ta sa ya sha, kada a sa masa yatsa a baki ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir shi ne ya shiga huhu, amai kuma shi ke kai shi can. A cire masa rigar da man ya jiƙa, a wanke masa jiki da sabulu, a riƙe shi a zaune, a kai shi asibiti ko da yana wasansa, domin tari da sarƙewar numfashi kan iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana.